Barakatu Mai Wankin Matashin Kai

A Hillat Jibo, ƙauyen Hausawa da ke can ƙasar gabas, kan hanyar Makka, a gaɓar kogi tsakanin garuruwan Suki da Abu Na'ama, in ka ji an ce "a kai wa Barakatu," to ba tuwo ake nufi ba, ba kuma goro ba. Matashin kai ake nufi, wanda ya yi dauɗa har mai shi ya fara jin kunyar baƙo ya gan shi. Shekara talatin da 'yan kai ana faɗin wannan magana. Bana za a daina, domin Inna Barakatu ta ajiye aiki, kuma ba ta ajiye don ta ƙoshi ba.

Da ta idar da sallar asuba take saɓa tulu ta gangara kogi. Sawu huɗu take yi kafin rana ta yi zafi, wani lokaci biyar. Da damina, in kogin ya cika ya yi ja kamar kunun kanwa, sai ta daka 'ya'yan zogale ta zuba a randa ta jira laka ta kwanta, don ruwan laka ba ya wanke auduga, rina ta yake yi. Daga nan ta zauna a gindin darbejiyar tsakar gidanta, ta sa reza ta farke ɗinkin bakin matashin. Audugar takan fito a dunƙule, ta yi tauri kamar kwantan tuwo, ta sha zufa da man kitso na shekaru har ba ka cewa ta taɓa zama fara.

Rigar matashin daban take jiƙa ta a ruwan toka mai zafi. Ita kuwa auduga ba a cuɗa ta yadda ake cuɗa zane. Dannawa ake yi, a ɗaga, a sake dannawa, a zubar da ruwan a sa wani, har sai ya daina fitowa baƙi. Sannan a zo kan matsa, wadda ita ce mai cin hannu. Dunƙule-dunƙule take ɗauka tana murɗewa, jijiyoyin hannunta suna tashi, har ɗigo na ƙarshe ya faɗi.

Angarib uku gare ta, gadajen nan na igiya, kuma ba mai kwana a kansu. A kansu take baza audugar don iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa, ta lulluɓe da tsohon gidan sauro kada guguwa ta kwashe. Duk lokacin salla sai ta juya ta. Kwana uku take ba ta, ko da mai matashin zai zo ya tsaya mata a ka. A rana ta uku takan cusa hannu cikin tsakiyar tarin ta ɗebo kaɗan ta ɗora a kumatu. In ta ji ɗan sanyi, to da saura. In ta bushe, sai ta ɗauko bakan shiɓa da ta gada wurin mahaifiyarta, ta yi ta kaɗa tsirkiya, audugar tana tashi tana buɗewa, ƙurarta tana shiga mata hanci da ƙirji. Ta ɗura, ta ɗinke, ta buga shi sau biyu da tafin hannu, ta ajiye a inuwa. Ladanta mudun dawa ne, ko ɗan sukari a ƙullin takarda, wata rana kuwa "Allah shi biya" kawai.

Wanda bai san ƙasar nan ba zai yi mamaki, a ce ana wahala haka kan auduga a wurin da auduga ke fari fat iya ganin ido. Amma audugar hawasha, wato gonar da hukumar noma ke yanka wa manomi, ba ta mai tsinka ba ce. Awo take tafiya, buhu-buhu. Abin da talaka ke ɗura wa matashinsa shi ne ragowar da iska ta maƙala a ƙaya da wadda ta zube a hanyar raƙuma, a tsinta kaɗan-kaɗan, a cire gurya da hannu. Matashi guda yakan ci kaka biyu kafin ya cika. Katifa kuwa sai a yi shekara biyar ana tari. Shi ya sa ba a yarwa.

Barakatu ba a nan aka haife ta ba. Tana da shekara tara iyayenta suka taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa, da niyyar Makka. Suka iso nan guzuri ya ƙare, mahaifinta ya ce bari a yi tsinkar auduga kaka ɗaya a samu na hanya. Kaka ɗaya ta zama goma, aka binne shi a bayan hillar nan yana maganar jirgin ruwan alhazai da ke tashi daga Sawakin. Ta girma, ta auri Mati, ɗan ƙodago mai yashe hanyoyin ruwa na gonaki, mutum marar hayaniya. Suka haifi 'ya ɗaya, Raliya.

A kan Mati ta koyi aikin. Tari ya kama shi, irin mai fitar da jini, ya kwantar da shi shekara huɗu. Kullum gari ya waye matashinsa jiƙe yake da zufa. Karon farko da ta wanke masa, tausayi ya sa ta yi gaggawa, ta ɗura audugar tun ba ta gama bushewa ba, don kada ya kwana kan igiya. Bayan mako guda ta zo gyara masa kwanciya, wari ya buge ta. Da ta farke, ciki ya yi baƙin fumfuna.

"Kana jin wannan ba ka hwaɗa mini ba?" in ji ta.

Mati ya ce, "Na ga wahalad da kika sha, shi ya sa."

Tarinsa ya ƙaru a makon nan, kuma har yau ba ta yarda cewa ba laifinta ba ne. Tun daga ranar ba ta sake rage wa auduga ko wuni ɗaya ba. Da Mati ya rasu, matan da suka riƙa zuwa dubiya sun riga sun lura ɗakin majinyacin nan ba ya wari. Aka fara kawo mata, ɗaya bayan ɗaya: na mai jego, na yaro mai fitsarin kwance, na tsohon da ya daina tashi. Daga baya aka fara kawo na mamata, waɗanda iyalinsu ba su iya taɓawa ba kuma ba su da halin yarwa.

Inna Barakatu, ke kika san gidan da ake kuka a ɓoye, domin hawaye na barin shaida a rigar matashi. Ke kika riƙa tsintar layu da wasiƙu a cikin auduga, ki ajiye gefe, ki mayar inda kika same su ki ɗinke. Shekara talatin, ba a taɓa jin maganar wani gida ta fita ta ƙofarki ba.

Amma abin da ya sa ya zama wajibi a rubuta sunanta shi ne shekarar zazzaɓin ƙwarƙwata, 'yan shekaru bayan Ingilishi sun tafi. Lokacin sanyi ne, tsinka ta kankama, 'yan ci-rani sun cika rumfuna suna kwana a cunkushe. Zazzaɓin mai yaudara ne. Yakan kwantar da mutum kwana biyar ko shida, ya sake shi har a yi masa barka, bayan mako ya dawo ya same shi ba ƙarfi. Cikin mako biyu aka yi jana'iza bakwai a hillar da ba ta kai gida ɗari ba.

Aka turo wani tamarji, ma'aikacin jinya, mai suna Ali, Balarabe daga wajen Sinja, a kan keke da akwatin allura. Allurar tana aiki in an samu mutum da wuri. Sai dai hodar kashe ƙwari da aka ba shi ba ta isa ko gida goma ba, don haka umarnin da ya zo da shi guda ne: duk gidan da aka samu majinyaci, a fito da shimfiɗarsa a ƙone.

Da gidan tsoho Almu aka fara. Aka tara katifa biyu da matasan kai huɗu, waɗanda a nan ake kira muhadda, a ƙofar gida aka zuba kananzir. A ciki akwai wani ɗan matashi na audugar rimi da mahaifiyar Almu ta ɗura masa ranar da zai baro gida, shekara arba'in da suka wuce. Almu ya tsaya yana kallo. Auduga ba ta ci da sauri, cin ciki take yi, hayaƙin ya wuni yana bin lungu-lungu. Ranar iyalin Almu suka kwana kan igiya tsura a cikin sanyin nan, majinyacin yana karkarwa a ƙarƙashin buhu.

Washegari ba majinyaci ko ɗaya a Hillat Jibo. Duk gidan da Ali ya yi sallama, sai a ce lafiya lau. Ana ɓoye mutane a ɗakin girki, a bayan buhunan dawa, har a rumbu. Yalwa, maƙwabciyar Barakatu, mijinta Audi ya kwanta. Da Ali ya tambaya, ta ce ya tafi Sinja sayen gishiri. Kwana shida bayan haka aka fito da gawarsa daga ɗakin girki.

Bayan an dawo daga maƙabarta Barakatu ta shiga ta ɗauki shimfiɗar, kamar yadda ta saba. Ta duba bakin ɗinkin matashin, ƙwarƙwata ta jeru kamar an barbaɗa riɗi. Yalwa na zaune a ƙasa ta jingina da bango, ba ta kuka. Ta ce, "Don katihwa guda da muhadda biyu na ɓoye shi, Barakatu. Ga su nan, sun tsira."

Barakatu ta kai kayan gida ta tafasa ruwa ta kwara musu. Ta tsuguna ta duba. Ƙwarin sun mutu, ƙwansu da ta murza da farce bai yi ƙara ba. Ta daɗe a tsugune. Sannan ta yafa mayafi ta nufi rumfar Alhaji Garba, shehun hilla, wato mai gari, inda maza ke zama bayan la'asar, wurin da mace ba ta tsayawa sai dai ta wuce tana gaisuwa. Ali na nan, ya haɗa kai da gwiwa.

Ta durƙusa daga bakin tabarma ta gaida Alhaji, ta ce tana da magana.

"Hwaɗi, Barakatu."

"Alhaji, mutane ba cuta suka tsoro ba, wuta suka tsoro. In anka daina ƙonawa, za su hito da marasa lahiya."

Aka fassara wa Ali abin da bai kama ba. Ya amsa da Larabci, a gajiye, ya ce shi ma ba son ƙonawar yake ba, amma in aka bar kayan, ƙwarin za su koma jikin na gaba. Wanki da ruwan ɗumi ba ya kashe ƙwai.

Ta juya harshe ta amsa masa da Larabcin da kanta, tana kiransa hakim, wato likita. "Ban ce ɗumi ba, ya hakim. Tafasawa na ce. A ba ni barmil biyu, gangunan ƙarfen nan, da itace."

"Gida nawa kike jin za a kawo miki? Talatin? Hamsin? Da katifu da barguna. Kuma duk wanda ya taɓa kayan nan, ƙwarin na iya hawansa. Wa zai yi wannan?"

"Ni da na saba."

Wani daga cikin mazan ya ce a bar mace da rigimarta, hukuma ta riga ta yanke. Alhaji Garba ya ɗaga masa hannu. Ya ce yau ya sallaci Audi, kuma ya san gidaje aƙalla takwas da ake ɓoyon mutum a cikinsu, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Ya dubi Ali. Ali ya ce in labari ya kai Sinja cewa ya saɓa umarni, aikinsa ne zai tafi. Sannan ya ce a gwada mako ɗaya, da sharaɗin kowane kaya ya tafasa cikakken rabin awa, ba ragi.

Barakatu ba ta da agogo. Sai ta ƙulla ɗan tsabar dawa a tsumma ta riƙa jefawa cikin barmil tare da kayan. In ta ciro ƙullin ta latsa ta ji dawar ta fashe ta yi laushi, to lokaci ya yi har ya wuce. Ali ya gwada da agogonsa sau biyu, bai sake gwadawa ba.

Aka samo barmil biyu na man injin ban-ruwa, aka fasa bakinsu, ta goge cikinsu da yashi. Aka girka su a fili bayan gidanta. Alhaji Garba ya sa aka yi shela bayan sallar magariba cewa an daina ƙona shimfiɗa. Kashegari kafin azahar an fito da majinyata goma sha huɗu, wasu a kan angarib, wasu a goye. Ali ya wuni yana allura. Kaya kuwa suka taru a filin Barakatu har suka fi ta tsawo.

Makon farko maza sun kawo itace. Daga baya tsinka ta ɗauke su, domin auduga ba ta jiran kowa, in ta zube ƙasa an yi asarar shekara. Sai ta koma ita ke bin bakin kogi tana sarar busasshen bagaruwa, ta haɗa da kashin shanu. Mata kan ɗebo mata ruwa, amma nesa suke ajiye tulun su juya. Tana tafasawa, tana tsamowa da sanda, tana matsa auduga tun tana turiri, fatar tafin hannunta ta saluɓe ta sake fitowa ta sake saluɓewa. Angarib uku ba su isa ba, aka ara mata goma sha biyu. Kowane gida ta ɗaura wa kayansa alama da zare mai launi daban, don ba ta yarda audugar wani ta shiga matashin wani ba. Mako ɗayan da Ali ya bayar ya wuce, ba wanda ya tuna masa, shi ma bai tuna wa kowa ba.

A rana ta ashirin da uku aka same ta zaune a gindin barmil, sanda a hannu, haƙoranta na haɗuwa. Zazzaɓin ya kama ta. Kwana tara ta yi ba ta san inda take ba. Waɗanda suka gani sun ce a kwanakin nan Ali da kansa ya naɗe ƙafar wando ya tsaya kan barmil tsakanin allura da allura, tsoho Almu yana iza masa wuta, shi da aka ƙone wa nasa. Da ta tashi, kunnenta na hagu ya mutu, bai sake ji ba. Ta tambayi kwana nawa ta yi. Aka gaya mata. Ta ce, "To audugar gidan Talatu ta sha rana da yawa," ta dafa bango ta fita.

Kwana arba'in da uku aka yi ana hura wutar nan. Daga ranar shela zuwa ranar da aka kife barmil, mutum uku kaɗai aka rasa.

Bayan wata biyu wani babban jami'in lafiya ya zo daga Sinja a mota. Aka yanka rago, aka shimfiɗa tabarmi, ya yaba wa Alhaji Garba da Ali saboda yadda suka shawo kan cutar. Ali ya fara cewa akwai wata mata, babban ya gyaɗa kai, aka shigo da shayi, magana ta koma kan farashin auduga. Barakatu na gida a lokacin, audugar gida talatin na jiran shiɓa. Da yamma aka aika mata kason nama a kwano.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Kafin shekarar zazzaɓi tana soya gyaɗa tana sayarwa a ƙofar gida, da shi take sayen sabulu da gishiri. Bayanta, gyaɗar ta riƙa kwana a faranti. Ba wanda ya fito ya faɗa, amma kowa ya san dalili: hannun da ya dama kayan masu cuta da na matattu. Mutanen da take wanke wa abin da suke ɗora fuska a kai kowace rana, su ne suka kasa cin abin da ta taɓa. Yalwa ma, da ta fita takaba, sai ta riƙa zagayawa ta bayan masallaci don kada su haɗa ido. Barakatu ta kife kaskon suya, ba ta yi wa kowa ƙorafi ba.

Abin da ya fi ci mata rai na Raliya ne. An riga an kawo gaisuwa daga wani gida a Abu Hujar, yarinyar na son yaron, shi ma yana son ta. Sai gwaggwanninsa suka zo ganin gida, suka tarar da angarib cike da audugar mutane, wani ya raɗa musu tarihin. Ba su ko sha ruwan da aka kawo musu ba. Maganar ta mutu a nan.

Raliya ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba. A na uku ta fito ta sami uwarta tana shiɓa, ta tsaya ta wajen kunnen da ke ji.

"Inna, don Allah ki bar aikin ga. Mi kika samu ciki? Ko gaisuwar kirki ba a yi miki."

Barakatu ba ta daina kaɗa baka ba. Can ta ce, "Na gaji da shi tun kina goye, ɗiyata."

"To ki bari mana."

"In na bari, gobe Mero za ta haihu. Kan mi za ta kwanta?"

Raliya ta koma ɗaki. Bayan shekara biyu ta auri wani mai aiki a madatsar ruwa ta Rusairis, suka zauna Damazin. Aurenta lafiya, 'ya'yanta biyar, amma sai a yi shekara biyu ba ta zo ba, kuma in ta zo ba ta zama a gindin darbejiyar.

Ke ce kika biya wannan, Inna Barakatu, da kunnenki da kasuwarki da kusancin 'yarki tilo. Uwar marasa shimfiɗa, mai hannun da wuta ta sani. Da yawa daga cikin samarin hillar nan yau, da ba a fito da iyayensu daga bayan buhu ba, da marayu ne ko ba a haife su ba sam. Ba su sani ba, don ba ki taɓa tsayar da kowa a hanya kin gaya masa ba.

Shekaru suka bi. Yatsunta suka lanƙwashe, ba sa miƙewa sai ta jiƙa su a ruwan ɗumi. Ƙirjinta ya fara shewa saboda ƙurar auduga. Sawu huɗu na kogi ya koma biyu, da hutu a tsakiyar gangare. 'Yan shekarun nan kuma matashin soso ya shigo kasuwar Suki, amare duk shi suke so. Aka ce mata ai ta kusa hutawa. Ta ce shi ma zai sha zufa, in ya yi wari masu hali su yar su sayi wani, marasa hali kuwa suna nan inda suke.

Watan da ya wuce, Yalwa ta shigo gidan, karo na farko cikin shekara goma sha bakwai. Ita ma ta tsufa, tana dogara sanda. Jikarta ce ta haihu, jini ya ɓata matashin, ba wanda za a aika. Suka gaisa kamar jiya suka rabu. Barakatu ta farke, ta jiƙa, ta danna, ta ɗauraye. Da aka zo matsa, ta ɗauki dunƙule na farko ta murɗa, hannun ya ƙi. Ta sake gwadawa, audugar ta suɓuce ta faɗa cikin ƙasa. Ta dube ta a nan ƙasan, ta daɗe.

"Yalwa," in ji ta, "na gama."

Ba ta faɗa da kuka ba, kamar dai mai ba da labarin ruwa ya ɗauke. Yalwa ta kama ta ta kai ta ɗaki don ta ɗan kishingiɗa. A nan ta ga abin da Barakatu ke ɗora kai a kai: wani abu baƙi, shafal kamar faifai, mai tauri kamar bulo.

"Wannan hwa? Ke da ke wanke na gari duka?"

"Yaushe angarib ya taɓa zama wohi? Shekara shida ina cewa in na gama na mutane."

Yalwa ta ajiye sandarta ta zare matashin, ta naɗe zanenta na sama ta sa mata a madadinsa. Ta fita da shi gindin darbejiya ta nemi reza. Barakatu ta kasa kwanciya, ta jawo tabarma bakin ƙofa tana kallo. Ba a jima ba ta fara magana. Kada ki cuɗa, dannawa ake. Ruwan nan bai yi fari ba, sake wani. Wannan matsa ce ko shafa? Yalwa tana yi tana haki, sai da ta baza audugar gida biyun a kan igiya sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Na daɗe ina son in shigo, kunya ta hana ni." Barakatu ta ce ta ja gidan sauron ya rufe gefen gabas, daga nan iska ke zuwa.

Kwana uku Yalwa tana zuwa juyi. A rana ta uku ta yi shiɓa, ba ta yi kyau sosai ba, ta ɗura ta ɗinke. Barakatu ta karɓa ta jujjuya, ta ce ɗinkin ya karkace. Sannan ta shiga ɗaki da hantsi ta ɗora kai. Aka kira azahar ba ta ji ba, aka kira la'asar. Yalwa ta zauna a ƙofa tana mayar da masu kawo wanki, tana ce musu barci take yi, su dawo wani lokaci, ko kuwa su zauna ta nuna musu abin da aka nuna mata.

Mun gode, Inna Barakatu. Mun makara, kuma mun san godiyar baki ba ta miƙe yatsu. Allah ya saka miki da abin da muka kasa, ya sanyaya miki ƙirji, ya haɗa ki da Mati a inda ba ciwo.

Ku kuma mutanen Hillat Jibo da na sauran hilloli, daga Suki har Abu Hujar, kowane gari yana da mai yin aikin da kowa ke ƙyama kuma kowa ke buƙata. Ku neme su tun suna jin sallama. Matan da ke da sauran ƙarfi a hannu, ku je ku koya tun mai koyarwar tana iya faɗa, domin za a ci gaba da haihuwa da jinya da mutuwa a kan auduga, kuma wani ne zai wanke. In kun je, kada ku tafi da wanki. Ku ɗebo mata ruwa daga kogi, ku zauna, in ta miƙo muku abinci da hannunta ku karɓa ku ci.